Ranar da Wayar Ya Fanna Ta Kwana a Kulle

Ku ƴan fadar nan kun ishe ni. Kullum kuka biyo ta gaban teburina sai na ji wani ya ce, "Dubi Lawali Rezo, yana inuwa yana latse-latse, wai shi ma sana'a yake." To ku zauna, ku zuba min shayin, na farko nake so, ba wankin buta ba. Wanda ya gama ji ya ce aikin da sauƙi, gobe in ba shi kujerar, in koma gefe ina kallonsa.

Sana'ar dai kun gan ta. In sa wa mutum forfe, wato in saya masa mega a layinsa, in buɗe masa intanet a sabuwar waya, in sa pis, ɗan katin layin nan, in sharje batir. Kayan aikin ba yawa: tebur, lema, igiyar wuta mai bakuna da yawa, allurar cire pis, da tsohuwar ordinater, kwamfuta ke nan, wadda sai na jingine murfinta da bulo. Amma babban kayan aikin fuska ce. Fuskar da za a kalla da sassafe a ce mata ɓarauniya, ta yi murmushi ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, kawo wayar mu gani."

Don ku sani, mai tumatir in ya ba ka ruɓaɓɓe, ka gani. Mai hatsi ya auna maka a tiya, idonka na kai. Ni kuwa abin da nake sayarwa ba wanda ya taɓa ganinsa da ido. Ya shigo ba a ji ba, ya ƙare ba ko ɓawo. To in ya ƙare wa za a kama? Kamfanin layi yana can nesa cikin sanyi. Ni ne a kusa. Ƙari kuma ɗan Kara-Kara ne ni, kun san garin nan, da ka faɗi unguwar sai ka ga mutum ya shafa aljihunsa a hankali kamar yana sosa cinya.

Lakol, makarantar boko, na bar ta a sankiyam, aji biyu na sakandare. Ta gaji da ni, na gaji da ita, muka rabu ba faɗa. Kawuna ya kai ni wurin Patron Ila, mai teburin waya a bakin tashar motocin Mirriya. Na daɗe a wurinsa ba abin da nake sai naɗe igiyoyi da korar ƙuda. Darasin farko da ya ba ni, wani mutum ne ya tsaya da babbar riga ya ce a sa masa forfe mai kyau. Na zabura zan latsa. Patron ya buge min hannu.

"Ka ga wayarsa?"

"Na ga rigarsa, Patron."

"Riga ce za ta sha megan? Ce masa ya fito da wayar."

Mutumin ya zaro ƴar ƙaramar waya mai maɓalli, an ɗaure bayanta da roba. Patron ya sa masa ɗan ƙaramin forfe, ya tafi yana sa albarka. Da ya wuce Patron ya ce, "Mutum ba ya cin mega, Lawali. Wayarsa ke ci. Ka koyi cikin kowace waya kamar yadda mai kiwo ya san cikin dabbarsa. Kuma kar ka yarda da ko ɗaya."

Haka na koya. Masu ƴar ƙarama, manoman da ke saukowa daga motar Mirriya ranar kasuwa, su ne mutanen kirki. Bokal kawai suke, a yi magana a tura, a saurara. Forfe ɗaya ya kai mutum har ya manta yaushe ya saya. Akwai wani tsoho mai gyaɗa, duk zuwansa sai na tambaye shi labarin sabis ɗin waya, "Baba, ya rezo a ƙauye?" Ya ce, "Alhamdu lillahi. In na hau kan rumbu ana samu." Kun ji fa. Mutum yana hawa rumbu da tsufansa, yana godiya. Ƙorafinsa ɗaya a duniya, tocilar wayar ta rage haske.

Ku kuma masu ta shafawa, ba sai na faɗa ba. Wayarku ta fi tasa tsada, rezo ya fi ƙarfi a inda kuke, amma ban taɓa ganin ɗayanku ya zo yana murna ba. Bidiyo ya tsaya yana juyi na ɗan lokaci, kun fara zagin kamfani har kakansa. A sa muku jiga guda, mega dubu, da hantsi, kafin la'asar kun dawo da jan ido, "Rezo, anya ka sa duka?" Na sa duka. Rawar da kuka kalla ce ba kyauta ba.

Wani etidiyan, ɗalibin jami'a, ya taɓa zuwa min da ordinater da ƴar kile ɗin intanet ɗin nan da ake soka mata pis a ciki. Ya ce zai tura aikin makaranta, yau ake rufewa. Na ce, "Abokina, kafin ka soka, bari in ɗaure mata baki, don irin wannan da ta ji intanet sai ta fara gyaran kanta." Ya ce ba shi da lokaci. Ya soka. Ordinater ta yi shiru kamar ta gari, ashe a ciki tana zuƙa. Kafin ya buɗe aikin forfe ya tafi. Muka sake sa wani, muka zauna tare a rana muna gadinta har aikin ya wuce. Masu ordinater ba sa zargina, su kamfani suke zargi, da Faransanci kuwa. Masu tablet galibi mata ne da ƴaƴa, waya ɗaya hannu goma, kowa na rantsuwa ba shi ba ne. Sai manyan ƴan kasuwa masu akwatin wifi a butik. Waɗannan in ka tambaye su ya intanet, sai su ce lafiya lau. Ba su san ma ana ƙarewa ba.

Da na bar Patron na kafa nawa teburin, a gaban butik ɗin Alhaji Bukar na samu wuri, nan inda kuke zaune. Alhaji mutumin Birni ne, tsohuwar unguwar garin nan, asalinsu Barno, mai sayar da atamfa. Ya ba ni inuwar rumfarsa, ya bar ni in ja wuta daga panonsa na hasken rana. Sharaɗinsa ɗaya: "Ranar da na ji an ce ka cuci wani a ƙofata, ka ɗauki teburinka." Wurin nan kuwa shi ne sana'ar. Ka matsa daga nan zuwa bayan layi, ba inuwa, ba wuta, ba mai wucewa, ka zama mai gadin tebur.

Sai shekarar da wuta ta yi wuya ta zo. Kun tuna. A ɗauke tun safe, rezo ya bi bayanta, ya dawo yana ɗingishi. Manyan wayoyi suka zama madubi, masu ƴar ƙarama suna yawo batir cike suna mana dariya. Mutum ya sayi forfe na kwana ɗaya, rezo ya ɓace, kwanan ya wuce, mega ta mutu ba a taɓa ta ba. Wa za a tambaya? Lawali. Shekarar nan ko gaisuwa mutane suka yi min sai na juya ta na duba bayanta.

A cikin wannan hali Ya Fanna ta zo da sabuwar waya. Ya Fanna yayar Alhaji Bukar ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Tsohuwa ce mai sayar da turaren wuta a Birni, da ƙafa take zuwa, ba ta hawa kabu-kabu, wai ba ta gaji da duniya ba. Shekaru ina sa mata forfe a ƴar ƙaramarta, tana bokal da ɗanta Mamadu da ke aiki a Aljeriya. Ba mu taɓa saɓawa ba. Har tsokanata take, "Mijina na bakin titi, yaushe za ka biya sadakin?"

To Mamadu ya aiko mata da babbar waya, faɗinta kamar faranti, don ya riƙa ganin fuskarta. Jikarta Zara, ƴar kolej, ita ta mayar mata da pis ta shirya komai a gida. Ya Fanna ta naɗe wayar a ƙyalle kamar sabon jariri. Na ce, "Iya, kawo in duba cikinta in ɗaure abin ɗaurewa." Ta janye.

"Kai! Hotunan surukata na ciki ba lulluɓi. Ka sa abinka daga nan, lambar ai ka sani."

Na sa. Ba a yi kwana nawa ba ta dawo.

"Ɗan nan, ya ƙare."

"Me ya ƙare, Iya?"

"Abin da ka sa. Mamadu ya kira, fuskarsa ta fito rabi ta daskare, baki a buɗe kamar kifi."

Na sake sawa, babba wannan karon. Sati bai cika ba ta dawo, kuma ba "mijina" a bakinta. Ta tsaya nesa da teburin.

"Lawali, da ƴar ƙaramata wata nake yi. Yanzu na sayi wanda ya fi, ba na kai Asabar. Ni ban ƙara magana ba, bakin nan ɗaya ne. To wa ke sha?"

Na ce, "Iya, babbar waya babban ciki gare ta."

"Cikinta ko naka?"

Wani cikin masu jiran sharji ya miƙa hannu ya zare wayarsa daga igiyata, wai ya tuna yana sauri.

Ni kuwa a raina na riga na kama ɓarawona: Zara. Yarinya ƴar kolej, babbar waya a gida, kaka na barcin rana, me kuke tsammani? Amma ka ce jikar gidan su Alhaji ɓarauniya ce, a ƙofar Alhaji? Na haɗiye.

Ranar Alhamis Alhaji ya kira ni cikin butik. Ya Fanna na zaune a kan buhun atamfa, Zara na tsaye a bayanta tana harara ta.

"Lawali," in ji Alhaji, "Yaya ta kawo ƙararka. An ce ku masu teburin nan kuna da hanyar jan mega daga layin mutum da wannan ordinater taku. Ban ce ka yi ba. Amma gobe bayan Juma'a, ko ka dafa Alƙur'ani a gaban mutane, ko ka ɗauki teburinka."

Ku yara ba ku san nauyin wannan ba. A Damagaram ko kana da gaskiya, in aka kai ka ga dafa Littafi, sunan ya bi ka: wane da aka rantsar. Uwata ta sha gaya min, ko akuya aka ce na sata, gara in biya da in dafa. Ga rantsuwa, ga bayan layi. Sai wayona ya motsa, wayon da ya kusa kashe ni.

Na ce, "Alhaji, a yi wani abu mana. In sa forfe yanzu a gabanku. A kulle wayar a nan butik, mabuɗi a aljihunka. Ba mai taɓa ta," na ɗan saci kallon Zara, "ba babba ba yaro. Gobe bayan masallaci a buɗe. In mega na nan, to a gida ake sha."

Zara ta ce, "Kaka, kin ji ko? Da ni yake."

"Ni ban kira suna ba, ƴar lakol."

Alhaji ya yarda. Zai sa ta a akwatin ƙarfe na ce a'a, rezo ba ya shiga ƙarfe, za a ce na yi dabara, a sa a aljihun tebur na katako. Na cika mata batir, na sa forfe, aka latsa kod ɗin duba mega, Alhaji ya karanta abin da ke ciki da bakinsa. Na ce a bar data a kunne yadda take kwana a gida. Aka naɗe ta a ƙyallenta, aka kulle. Na koma teburina ina fito. Har na fara tausayin yarinyar.

Juma'a aka sauko daga masallaci, butik ya cika. Maƙwabta, masu jiran sharji, har mai shayin can tsallake ya bar butarsa a wuta. Alhaji ya buɗe, ya warware ƙyalle, ya latsa kod. Ya kalli waya, ya kalle ni.

"Babu."

"Babu me, Alhaji?"

"Ko ɗaya babu."

Zara ta tafa hannu. Mai shayi ya ce, "To ai shi ke nan, daga nesa yake ja! Waya a kulle, mabuɗi a masallaci!" Kun gani? Da hannuna na gina musu hujja. Na wanke Zara tas, na shafa wa kaina. Alhaji ya ce wa wani ya ɗauko Littafi a kan kantar butik.

Na durƙusa gaban Ya Fanna. Na ce, "Iya, don darajar Mamadu. Ba zan taɓa ta ba. Zara ta riƙe, ni ina daga nan, hoton da bai kamata in gani ba in rufe ido. A buɗe min wurin bokal kawai."

Ta karɓi wayar daga hannun Alhaji. Sannan ta ce, "Zara, buɗe masa. In ya leƙa surukata ki tsone masa ido."

Zara ta buɗe. A can sama ga gurup ɗin danginsu, na Zinder da na Diffa da na Yamai da na ƙasashen waje, kowa na ciki. Na ce ta shiga. Ta ja da yatsa, ta ja, ta ja, abu ya ƙi ƙarewa. Bidiyo ne jere, tun na asubar ranar. Na ce ta taɓa ɗaya. Sai ga fure yana buɗewa, taurari na zuba, murya na cewa barka da Juma'a. Na gaba, masallaci yana juyawa cikin walƙiya, barka da Juma'a. Na gaba, tattabaru. Na gaba, wa'azi mai tsawo, da ruwa na gangarowa daga dutse.

Nan na gane. Tana cikin gurup ɗin tun tana da ƴar ƙarama, amma ƴar ƙarama cikinta ya cika tuntuni, ba ta iya jawo bidiyo, bokal kawai take bari ya shigo. Wannan kuwa sabuwa ce, ciki fanko, duk abin da aka turo sai ta buɗe baki ta haɗiye da kanta, ko tana kulle, ko mai ita na barci.

Na ce, "Iya, ga inda megan ya tafi. Gaisuwa ce. Kowane furen nan da kuɗinki ya shigo."

"Gaisuwa? Ni ban ma san suna nan ba. Wa ke turowa?"

Na riga na hango sunan, yana maimaita kansa kamar tambarin atamfa. Wanda ya ba ka inuwa ba ka karanta sunansa a gaban mai shayi. Na ce, "Idona ba ya gani daga nan, Iya. Ƴar lakol ta karanta."

Zara kuwa ba ta da tebur a ƙofar kowa. Ta gyara murya.

"Kaka Bukar. Kaka Bukar. Inna ta Diffa. Kaka Bukar. Kaka Bukar. Wannan mai tattabarun ma sau biyu ya turo."

Ya Fanna ta juya a hankali. "Bukar."

"Yaya, ai zumunci ne. Ni ban san ana biya ba, nan butik turawa kawai nake..."

"Kana da akwatinka na wifi mai ƙyafta ido, ba ka san zafi ba. Gidana da butik ɗinka tafiyar ƙafa ce. Rabonka da ka tako ka gaishe ni tun ƙaramar salla. Ashe tattabaru kake aiko min, su cinye min fuskar ɗana!"

Mai shayi ya tuna da butarsa. Wanda ya ɗauko Littafi ya mayar da shi a hankali. Ba wanda ya yi dariya a ciki, sai da aka fita waje.

Na ce, "Iya, abu ne mai sauƙi. Akwai wurin da zan taɓa, ta daina jawowa."

"A'a. In rufe wa gaisuwar dangi ƙofa? A ce Fanna ta yi babbar waya ta daina amsawa?" Ta zare pis ɗin da taimakon Zara, ta mayar a ƴar ƙaramarta mai roba. Babbar kuwa ta ajiye ta a gaban Alhaji. "Ta zauna nan ta sha daga akwatinka. Duk Juma'a zan zo in ga Mamadu, in karɓi furannina. Kai kuma ka tanadi kujera da lemo."

Da za ta fita ta tsaya a teburina ta ce, "Mijina, sa min irin na da." Na sa mata. Wata guda ta yi da shi.

Tebur dai ga shi, ban ɗauka ba. Alhaji bai ce min yi haƙuri ba, ban kuma jira ba. Bayan kwana biyu ya leƙo daga butik fuska a sake, ya ce, "Lawali, abin da ya faru ya nuna kai ɗan gida ne. Na sa ka a gurup ɗin dangi."

Na ce, "Alhaji, ai da ba ka wahalar da kanka ba."

"Ba wahala."

Za ku ce ai na san inda ake kashe jawowar bidiyon. Na sani, na kashe tun a ranar. Juma'a ta zo, an sauko daga masallaci, sai ga shi a kaina.

"Ka ga wanda na turo da safe?"

"Na gani, Alhaji, ma sha Allah."

"Me ke ciki?"

Na ce fure. Ashe raƙuma ne. Ya girgiza kai ya ce ɗan gida ba ya ƙin buɗe gaisuwa. Tun daga ranar duk Juma'a sai na buɗe su ɗaya bayan ɗaya da megan kaina, don yana tambaya, har da launin tattabarar. Kod ɗin wifi kuwa, da ke bayan bangon nan da nake jingina, har yau bai ba ni ba.

Shekara nawa ke nan ina kallon fuskar mutumin nan, na kasa gane ko karramawa ce ko horo. Ku da kuka ce aikin da sauƙi, gobe Juma'a. Ga kujerar. Wa zai zauna ya amsa masa?